Lakwaja ko Argungu: wacce ta cancanci kuɗin motarka?

Wanda ya ɗan tara kuɗin yawon buɗe ido, yana neman gari a bakin kogi, mai tsohon tarihi, wanda kuma girmansa bai kai ya haɗiye baƙo ba, a Arewa sunaye biyu ne za su fara faɗo masa a rai: Lakwaja da Argungu. Ba sa haɗuwa a tafiya ɗaya. Lakwaja tana can kudu inda kogin Kwara, wato Neja, da kogin Binuwai suka gamu, Argungu kuma tana arewa maso yamma, dab da iyakar Nijar. Dole dai a zaɓi ɗaya, kuma gara in faɗi inda na karkata tun yanzu. Lakwaja kai ne kake sa ranar zuwanta, muddin ka kauce wa lokacin ambaliya. Argungu ita ce take sa maka rana. Kusan duk sauran bambancin daga nan ya taso.

A fara da ruwan, tunda shi ya kai mu. In girman ruwa kake so, babu ma gasa. Kwara ta taso tun daga tsaunukan Gini, ta ratsa Mali da Nijar, Binuwai ta gangaro daga Kamaru ta bi ta Yola da Makurɗi, a gaban Lakwaja suka haɗe suka nufi teku. Mutumin da ya tashi a Kano ko Katsina, wanda babban ruwan da ya sani shi ne dam, in ya tsaya a gaɓar nan sai ya yi jim. Ana ɗaukar hayar kwalekwale mai inji ya kai mutum mahaɗar, inda ake ganin launin ruwan biyu ya ɗan bambanta kafin su gauraya. Da rani tsibiran yashi suna fitowa a tsakiya, masunta su kafa bukkoki a kai suna shanya taru. Amma daga cikin kwalekwale ba ka ganin fasalin abin sosai, ruwa ne gaba da baya. Sai ka hau Dutsen Patti, wanda tsawonsa ya haura mita 400, sannan za ka ga kogunan biyu a shimfiɗe, garin kuma ya matse tsakanin dutse da ruwa, rufin kwano a jere har bakin gaɓa. Mota da babur suna hawa. Mai hawa da ƙafa ya fita da asuba, domin da zarar hantsi ya dubi ludayi zafin Lakwaja ba ya raga wa kowa, kuma zafi ne mai gumi, ba irin busasshen zafin Sakkwato ba.

Ruwan Argungu ba haka yake ba. Gulbin Kabi ne ya ratsa fadama, ya rarrabu gida-gida, kuma Matan Fada, wurin da ake gasar kamun kifi ta bikin Argungu, in ka zo a ranar da ba biki za ka iya tambayar kanka ko an kawo ka wurin da ya dace. Wanda ke wancan ƙetaren yana jin kiranka. Abin kallon a nan fadamar ce: shinkafa kore shar iya ganinka a tsakiyar rani, injinan ban ruwa suna ta ƙara, mutane suna kai da kawowa da buhuna. Tun 2017 akwai babban kamfanin casar shinkafa na WACOT a garin, saboda haka manyan motoci ba sa yankewa. Ruwa ne na aiki, mai sarauta a kansa. Akwai Sarkin Ruwa, akwai Homa shugaban masunta, kuma ba kowa ke jefa taru a Matan Fada yadda ya ga dama ba, don an killace shi ne kifi ya girma kafin ranar gasa.

Wajen tarihi ne na fi so a tsaya, domin garuruwan nan biyu suna riƙe da ɓangarori biyu na labari ɗaya, labarin zuwan Turawa, kuma ba kasafai ake jera su ba.

Lakwaja gari ce da baƙi suka raya. Wajen 1860 wani likita ɗan Sukotlan, William Baikie, ya zauna a mahaɗar kogunan da yardar Etsu Nupe Masaba, ya buɗe kasuwa, fatake suka fara saukowa. Shi ne wanda a tafiyar jirgin ruwa ta 1854 ya nuna cewa shan kwinin yana kare Bature daga zazzaɓin da ya riƙa kashe na gabansa, kuma ya koyi Hausa har ya yi tattaki zuwa Kano a 1862. Bayansa kamfanin Royal Niger ya mai da garin sansaninsa. Ranar 1 ga Janairun 1900, a nan Lakwaja aka sauke tutar kamfanin aka ɗaga ta Ingila, Gwamna Lugga ya shelanta cewa Arewa ta shiga hannun gwamnatinsu, alhali a lokacin Kano da Sakkwato ba su ma san an yi ba. Hedikwata ba ta daɗe a garin ba, ta koma Jebba, daga can Zungeru a 1902, daga bisani Kaduna. Abin da aka bari shi ne abin da baƙo ke gani yau: gidajen katako a kan ƙafafun ƙarfe, waɗanda ɗaya daga ciki ya zama gidan tarihin mulkin mallaka, ɗan gidan hutun Lugga a saman Patti, maƙabartar Turawa mai sunayen samari sojoji da 'yan mishan, dutsen tunawa da sojojin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, da makarantar Holy Trinity ta zamanin Bishop Ajayi Crowther, wadda aka kafa a 1865, ake kuma lissafa ta a matsayin firamare mafi tsufa a Arewa. A harabarta akwai wasu ƙarafa da ake cewa duk bawan da ya gudo ya taɓa su ya 'yantu.

Masu yi wa baƙi jagora za su ce maka a saman Patti 'yar jaridar Ingila Flora Shaw ta zauna tana kallon kogi har sunan Najeriya ya zo mata. Labarin yana da daɗin ji a wurin, iska na kaɗawa. Abin da ke rubuce dai shi ne ta ba da shawarar sunan a jaridar Times ta Landan cikin Janairun 1897, shekara 5 kafin ta auri Lugga. Ka saurara, ka ba shi ladansa, ba sai an yi musu ba.

Ga Bahaushe kuwa, duk waɗannan ba su ne nauyin Lakwaja ba. Nauyinta kaburbura ne. Nan Turawa suka riƙa kawo sarakunan da suka tuɓe, nesa da ƙasarsu, cikin zafi da sauro da harsunan da ba nasu ba. Sarkin Kano Alu yana hanyar dawowa daga Sakkwato Turawa suka shiga Kano a farkon Fabrairun 1903. Wazirinsa Ahmadu ya faɗi a Kwatarkwashi, shi kuma aka kama shi a ƙasar Gobir, aka kai shi Yola, sannan Lakwaja, inda ya zauna har ya rasu a 1926. Ka lissafa da kanka: mulkinsa a Kano bai cika shekara 10 ba, zaman gudun hijirarsa ya haura 20. Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, malami kuma gwanin waƙa, shi ma nan aka kawo shi bayan an sauke shi, ya rasu a 1924. Akwai wasu sarakunan banda su. Kaburburan suna cikin tsohon gari, a lunguna, tsakanin gidajen mutane, ba alloli manya a bakin titi da za su nuna maka. Za ka bi ta gaban mai kanti da mai wankin babur, yara na wasa, a nuna maka ɗan ɗaki ko ɗan shinge a ce ga shi nan. Bakano ko Bazazzagi da ya tsaya ya yi addu'a a wurin ba zai fito yadda ya shiga ba, kuma ni a ganina wannan kaɗai ya biya kuɗin mota.

Argungu tana ba da labarin ne daga ɗaya gefen. Kabawa jikokin daular Kanta ne, wanda a farkon ƙarni na 16 ya ɓalle daga Songhai ya gina Surame da ganuwar dutse. Da jihadi ya zo, Birnin Kabi ya faɗa hannun mutanen Shehu a 1805, amma Kabawa ba su miƙa wuya gaba ɗaya ba. An kashe Sarki Karari a 1831, ɗansa Yakubu Nabame ya yi shekaru a tsare a Sakkwato, da ya samu dama a 1849 ya tayar da tuta, Arawa da Zabarmawa da Dendawa suka mara masa baya. Daga nan Argungu ta zama ƙaya a ƙafar Sakkwato da Gwandu har ƙarshen ƙarnin, in ban da 'yan shekarun sulhun da ake kira Lafiyar Toga. Shi ya sa da Turawa suka iso, Sarkin Kabi Sama'ila bai ga dalilin yaƙarsu ba, ya karɓe su, kuma daga Argungu wani rukunin sojojin Turawan ya tashi zuwa yaƙin Sakkwato a 1903. Wanda ya taso da labarin jihadi daga bakin malaman Sakkwato da Kano, jin sa daga bakin Bakabe zai ɗan girgiza shi, kuma girgizar tana da amfani.

Wurin jin wannan shi ne gidan tarihin Kanta. Tsohuwar fada ce ta ƙasa, sarakuna sun zauna a ciki har 1942, aka mai da ita gidan tarihi a 1958. Ciki akwai masu da takubba da kwari da baka, sulke da layu, tambura, kayan su da na noma, kuma a harabar ake binne sarakunan Kabi. Ba babba ba ne. Mai gaggawa zai gama da shi cikin awa guda, mai tambaya zai kai azahar. Bambancinsa da kayan tarihin Lakwaja shi ne nan komai yana wuri ɗaya, yana da masu shi, kuma masu shi suna alfahari da shi. Na Lakwaja a warwatse suke, wasu sun sha rana da ruwa ba gyara, kamar dukiyar gadon da magada suka yi yawa. Garin na Nufawa ne da Oworo da Kakanda da Bassa da Igala da Igbira da Hausawa da Yarabawa, kowa yana da nasa labarin, gidan Lugga kuma ba na kakan kowa ba ne.

To sai biki, wanda shi ne ke juya lissafin duka. Asalinsa na zamani 1934 ne, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, aka shirya masa kamun kifi na musamman don nuna cewa tsohuwar gaba ta wuce. A 2016 UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya da ake karewa. Kwana huɗu ake yi, tsakanin Fabrairu da Maris. Akwai nunin amfanin gona, kokawa da dambe, da wasannin ruwa da ake kira kabanci: tseren kwalekwale, nutso, kamun agwagwar ruwa, kamun kifi da hannu. Ranar ƙarshe dubban masunta suke jeruwa nesa da gaɓa, kowa da homarsa biyu, wato tarun hannu, da ƙaton gora. Ana harba bindiga sai ƙura ta tashi, su kwaso a guje, kafin ka ƙifta ido ruwan ya ɓace, sai kawuna da goruna da bakin homa suna sama suna ƙasa. Makaɗa suna bi a kwalekwale suna zuga su. Mutum zai kwanta a kan gorarsa yana shawagi, ya nutse, ya ɗago da laka har gira. Can sai ihu ya ɓarke a wani gefe, ka hango mutum uku ko huɗu suna kokawa da giwan ruwa, a ja ta zuwa sikeli a gaban rumfar manyan baƙi. Cikin kamar awa guda an gama. A bikin Maris 2020 kifin da ya ci gasa ya kai kilo 78, nauyin babban mutum ke nan.

Lakwaja ba ta da abin da zai tsaya kusa da wannan. Amma ga inda gizo ke saƙa: bikin ba kowace shekara ake yin sa ba. Kafin na 2020 an yi kusan shekara 10 ba a yi ba, saboda matsalar tsaro da ƙarancin ruwa. Don haka kada ka ɗauki hutu ko ka biya kuɗin jirgi bisa jita-jitar shafukan sada zumunta. Jira sanarwar gwamnatin Jihar Kebbi ko ta masarautar, sannan ka yi sauri, domin masaukan Argungu kaɗan ne, kuma manyan baƙi da 'yan rakiyarsu ne ke fara cinye su. Yawancin mutane a Birnin Kebbi suke kwana, tafiyar kusan awa guda, wasu ma a Sakkwato, mai nisan kilomita 100 ko kusa da haka, su yi sammako. In kana da aboki ko ɗan'uwa a garin, wannan ne lokacin tuna zumunci. Ka kuma sani cewa wanda bai da katin shiga rumfa a rana zai tsaya, cikin turereniya da ƙura. Saurayi zai ji daɗin hakan. Mai tafe da ƙananan yara ko tsohuwa ya sake tunani, kuma waya da walat su koma aljihun gaba.

Argungu ba biki fa? Gari ne mai natsuwa, na manoma da masunta, wanda wuni ɗaya ya isa a ga gidan tarihi, a gai da fada, a zaga fadama, a ci kifi. Ban ga laifin zuwa ba, amma ba zan ce wani ya taso daga Bauci ko Jos takanas saboda shi ba. Dabarar ita ce a haɗa shi da Sakkwato: a ziyarci Hubbaren Shehu, washegari a gangara Argungu a ji ɗaya ɓangaren. Kufan Surame yana cikin Jihar Sakkwato, a daji, kuma ba wurin da baƙo zai nufa shi kaɗai ba ne a halin da ake ciki. Mutanen Doso da Dogon Dutsi da Gaya kuwa, Argungu a ƙofar gidansu take, tarihin ma nasu ne tare, zaɓinsu ya riga ya yi kansa.

Lakwaja ta fi sauƙin kaiwa ga mafi yawan mutane. Daga Abuja kilomita 200 ne ko ƙasa da haka kaɗan, a kan babbar hanyar da ke zuwa kudu, mota ba ta yankewa dare da rana. Tun da ta zama babban birnin Jihar Kogi a 1991 otal-otal sun yawaita, daga na talaka har na mai hali, ba sai ka yi rijista da wuri ba. Sharaɗin ɗaya ne: ka guji Satumba da Oktoba. A 2012 da 2022 ruwa ya shanye unguwannin bakin kogi, ya hau kan hanyar Abuja a wajen Koton Ƙarfe, motoci suka kwana a layi na kwanaki, har man fetur ya yi wuya a Abuja saboda tankoki sun maƙale. Daga Nuwamba zuwa Janairu ne lokacinta, ruwa ya ja, zafi ya ɗan sassauta, sai dai hazo yakan rage nisan gani daga kan Patti. Wanda ke son hoto mai kyau ya zo a farkon Nuwamba kafin hunturu ya kankama.

Maganar tsaro ba ta bar kowanne gefe ba. Hanyar Abuja zuwa Lakwaja da ta Okene sun sha fama da masu garkuwa da mutane da kuma haɗarin manyan motoci. A can ɗaya gefen, wanda zai taso daga Kano ko Zariya ta mota sai ya ratsa Funtuwa da Gusau, kuma a ƙarshen 2024 Lakurawa sun kai hari a yankin Augie, maƙwabciyar Argungu. Mai hali ya hau jirgi zuwa Sakkwato ko Birnin Kebbi ya ƙarasa da mota. Kowacce ka zaɓa, tafiyar rana, motar tasha ba ta bakin hanya ba, kuma ka tambayi direbobi halin da hanya take ciki a satin da za ka tashi, don sun fi kowa sani. A kan ruwa kuma, musamman a Lakwaja inda kogin yake da faɗi da ƙarfi, kada kunya ta hana ka neman rigar kariya, kada ka shiga jirgin da aka cika maƙil, kuma ka dawo gaɓa kafin magariba. Ku gama ciniki da mai jirgi tun kuna tudu, a faɗi kuɗin zuwa da dawowa, a faɗi ko za a tsaya a tsibiri.

Abinci ba zai raba gardama ba, kifi ne a duka biyun. A Lakwaja farfesun tarwaɗa mai yaji da sakwara, da bandar kifi da matafiya ke saya a bakin hanya su kai gida tsaraba. A Argungu tuwon shinkafar da aka noma a bayan gari, da soyayyen kifi, da fura mai kyau. Harshe ma ba matsala: a Argungu Hausa ce zalla, da karin harshen yamma mai daɗin saurare, a Lakwaja kuma Hausa za ta kai ka kasuwa da masallaci da tsohon gari, amma a otal da ofis sai ka haɗa da Turanci ko Burokin. Matar da ke son wurin da shigarta da al'adarta ba za su zama abin kallo ba za ta sake a duka biyun, ko da yake Argungu ta fi kama da gida, Lakwaja kuma ta fi gauraye, coci da masallaci da mashaya duk a titi ɗaya.

Saboda haka in an sanar da ranar biki, kana da lafiyar tsayuwa a rana, ka kuma samu wurin kwana, tafi Argungu, Lakwaja za ta jira ka, bikin kuwa ba ka san yaushe zai sake dawowa ba. In ba a sanar ba, ko kuwa da iyali za ka tafi, ko hutun naka na ƙarshen mako ne kawai daga Abuja ko Kaduna, Lakwaja ce. Kwana biyu sun isa: yammacin isowa a bakin kogi, asubar washegari a kan Patti, hantsi a gidan tarihi da maƙabartar Turawa, bayan la'asar a shiga ruwa. Kaburburan sarakuna ka ware musu safiyar ranar komawa, kuma kada ka dogara da taswirar waya wajen nemansu. Ka je tsohon gari wajen fadar Maigarin Lakwaja, ka yi sallama da dattawan da ke zaune a ƙofar masallaci, ka ce kabarin Sarkin Kano Alu kake nema, za a haɗa ka da yaron da zai kai ka.